Ranar Da Aka Ce Nuhu Fozitif Ne

Assalamu alaikum. Ga waɗanda yau suka fara cin karo da ni a shafin nan, sunana Safinatu, daga Bodinga. Ku yi haƙuri da rubutuna, aji huɗu na tsaya a firamare, kuma da babban yatsa ɗaya nake danna wayar nan. Yau zan faɗa muku wani abu da na aikata wanda ba na alfahari da shi. Shiru na yi na kwana shida, shirun nan kuwa saura kaɗan ya binne wani bawan Allah da ransa.

Ba za ku gane ba sai na fara da mijina, Dakta Haliru. Shekara biyu da wata uku ke nan da rasuwarsa, Allah Ya jiƙansa. Ba likitan da ke duba marasa lafiya ba ne, na bincike ne, jini ya karanta. A takarda ne yake Dakta Haliru. Daga Dingyadi har Mandera, Dakta Sauro aka san shi, don in ya shiga gari ba ya fita sai ya huda yatsun mutane ya ɗebi jini. Sunan bai taɓa damunsa ba, har amsawa yake yi.

Ranar da ya fara zuwa gidanmu ina budurwa. Da na ji an ce ga mai allura nan, sai na shige ɗakin Inna na maƙale bayan buhunan gero. Ta ƙafa aka jawo ni. Ya huda min yatsa, ya ɗiga jinin wuri uku a kan wani farin tangaran, ya zuba ruwan magani shuɗi, da rawaya, da fari, ya juya da tsinke. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ɗago ya dube ni.

"Irinki ba su da yawa a ƙasar nan," in ji shi.

Na rufe fuska da gyale na ruga ɗaki. Kwana uku abinci bai shiga cikina da kyau ba. Sai da muka shekara da aure na gano ashe jinina yake nufi. Da na yi fushi, cewa ya yi, "To ai daga baya maganar ta zama gaskiya ta kowane gefe."

Abin da ya sa shi wannan karatu, mahaifiyarsa ce. Ta haife shi lafiya, bayansa ta haifi huɗu, kowanne sai ya yi rawaya har fararen idanunsa, ya koma kafin suna. Aka ce wabi ce. An yi rubutun sha, an yi hayaƙi, an canza mata ɗaki, duk a banza. Da ya girma ya yi karatu a Sakkwato, sai ya gane abin da ya faru da ƙannensa.

Ga yadda ya koya min, ina wanke masa tangaran yana bayani. Jinin mutane iri huɗu ne: A, B, AB da O. Kowanne kuma ko yana da wata alama, ko ba shi da ita. Mai alama shi ne fozitif, marar alama negatif. Ba ciwo ba ne, kamar dai a ce wannan dogo ne wancan gajere. Inda matsala take, in uwa negatif ce, ɗan cikinta kuma ya ɗauko fozitif na ubansa. Jikinta yakan ɗauki jinin yaron a matsayin baƙo, ya riƙe shi a rai. Ɗan fari ya tsallake, na bayansa su sha wuya. Akwai allurar da ake yi wa uwa cikin kwana uku da haihuwa, ta hana wannan.

Ba shi ya gano haka ba, yakan ce an riga shi tun kafin a haife shi. Kuma ba kowace wabi ce daga jini ba, wannan ma ba ya ɓoyewa. Abin da shi ya yi, ya bi gida-gida don ya san su wane ne a cikinmu. Shekara goma sha ɗaya yana yawo a babur, da kular magani ɗaure a baya da robar taya. An sakar masa kare, an ce sayar da jinin yake yi, wata tsohuwa a Dingyadi ta bi shi da muciya. Washegari ya koma mata da goro. Mata sama da dubu huɗu ya rubuta sunansu, da ƙauyensu, da irin jininsu. Ni kaina negatif ce, shi fozitif, aka yi min allurar, ga 'ya'yanmu biyu Kausar da Nana Fatima suna ta ɓarna a tsakar gida yanzu haka.

A hanyar dawowa daga Mandera mota ta kwashe shi. Ba zan iya rubuta wannan ba tukuna.

Da na gama takaba na dawo gidanmu. Shekarar farko an bar ni. Ta biyu kuwa kowa ya zama mai ƙirga min shekaru. Babu kamar Gwaggo Bilkisu, ƙanwar babana, wadda ko gaisuwar safe sai ta ƙare da, "Talatin hwa ba wasa ba ta, ɗiyata." Sai Kawu Zayyanu, waliyyina tun rasuwar Baba. Ya yi masinja a sakatariyar ƙaramar hukuma shekara talatin, don haka duk takardar da ta shigo unguwarmu shi ke karanta ta, ko an ba shi ko ba a ba shi ba.

Su suka kawo Nuhu. Manomin albasa ne a Shagari, matarsa ta rasu shekara uku da suka wuce. Dogo ne, baƙi, ba ya iya kallon mutum a ido. Duk zuwan da zai yi, shadda ɗaya ce ruwan ƙasa, an dake ta har tana ƙara in ya zauna, ya zuba turare kamar ya yi wanka da shi. Turaren ya fara shigowa, albasar ta biyo baya, sannan shi. Kullum da hantsi sai ya turo saƙon murya.

"Salamu alaikum Hajiya Safinatu, Nuhu na, na Shagari. Ina kwana. Ya yara. Albasa dai ta yi kai, alhamdu lillahi. To, shi ke nan. Nuhu na."

Kamar wayar ba ta nuna sunansa. Ni ban taɓa zuwa Makka ba, amma ban hana shi Hajiyar ba.

Gaskiya ban ƙi shi ba. Laifinsa ɗaya, ba Haliru ba ne. Da surutu ya ishe ni sai na ce to, don kawai a bar ni in sha kunu cikin kwanciyar hankali. Kafin in farga an fara maganar sa rana, an ce mu je gwajin aure. Muka je, kowa daban. Aka kawo takardun biyu cikin ambulan, aka damƙa wa Kawu.

Ranar Asabar ce bayan azahar. An shimfiɗa masa tabarma a gindin dogonyaro, ya ciro tabaransa mai ɗaurin zare, ya goge da bakin riga. Ni ina gefe cikin hijabina ruwan toka ina tsince shinkafa, Inna da Gwaggo sun sa shi tsakiya. Ya fara da tawa, yana bin layi da yatsa.

"Negatif. Negatif. Negatif. Ga na ƙarshe ma, O negatif." Ya buga takardar da bayan hannu. "Ɗiyarmu tsab take, tun daga sama har ƙasa."

"Ai gidanmu ba a wasa," in ji Gwaggo.

Ya buɗe ta Nuhu. Negatif, negatif, negatif. Sai yatsan ya tsaya. Ya cire tabarau, ya mayar. Ya nisanta takardar, ya kusanto da ita.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Uku ya ci, ɗaya ya faɗi. Bi fozitif."

"Mi na Bi kuma?" Gwaggo ta matso.

"Ciwo na."

"Wancan babban da ba a faɗin sunanshi?"

Kawu bai taɓa cewa bai sani ba a rayuwarsa. Ya gyara hula. "Ba shi ba na. Ƙanenshi na. Uwa ɗaya uba ɗaya."

'Yan uwa, wallahi na buɗe baki. Maganar tana kan harshena: Kawu, layin ƙarshe irin jini ne, ba ciwo ba. Tawa ma ce take buƙatar kulawa, ba tasa ba. Sai na ji Inna ta dafa kaina tana cewa, "Allah Ya tsare ki, ɗiyata. Daga yau kar wanda ya sake matsa miki." Na dubi tiren shinkafa. Na ga ƙofa a buɗe wadda ban roƙa ba, ba kuma sai na ce wa kowa a'a ba. Na rufe bakina, na ci gaba da tsintar tsakuwa.

Kwana biyu na yi ina jin daɗi, ba zan yi muku ƙarya ba. Gwaggo har nama ta ƙara min a miya. Ta rantse kuma maganar ba za ta fita daga gidan ba, kuma ta cika alkawari har zuwa la'asar, lokacin da ta faɗa wa ƙawarta mai ƙuli-ƙuli, ita ma don ta taya mu addu'a ne. Mai ƙuli-ƙulin tana cin kasuwar Shagari.

Abin da ya fara damuna, hantsi ya yi ba saƙon Nuhu. Litinin babu, Talata babu. Na kama kaina ina duba waya ina cewa ko sabis ne. Na kashe ta na kunna. Na hau kan turmi na ɗaga ta sama. Kausar ta ce, "Umma, mai albasa kike jira?" Na ce ta wuce ta ba ni wuri.

Ranar Alhamis Zainabu ta zo daga Mandera. Tana cikin matan da Haliru ya gano da wuri. Shi ya tsaya har aka yi mata allura a haihuwar fari, yanzu goyonta na uku ke nan, kuma duk haihuwa sai ta kawo min jariri in gani. Ta kwance goyon ta ɗora min a cinya, wani ƙato mai kumatu, ta zauna tana fifita da gefen zane. Ba ta san ni ce matar da ake magana ba.

"Yaya Safinatu, kin ji abin da ya sami wani Nuhu mai albasa a Shagari? An ce ya kwaso ciwon zamani. Ya tahi aski, mai askin ya ce injin ya lalace, ga wani zaune ana yi mishi. A majalisa sun ware mishi kwano. Masu tsince mishi albasa sun gudu. Har wata ta maido da kwandon da ta saya, wai ta ga albasar ta rame."

Na yi dariyar yaƙe.

"Jiya kuma a masallaci, wanda ke kusa da shi ya bar wuri kamar na mutum biyu a sahu. An ce bai fito ba yau." Ta karɓi ruwa ta sha. "Amma ni abin da ban gane ba, cewa anka yi Bi fozitif. Ai shi Dakta ya ce mijina ke da shi. Ga shi nan ko mura ba ya yi, sai ci. Ko wanga wani iri na daban? Ke kin sani ai, ke ce hannun daman Dakta."

Jaririn ya kama min yatsa. Matar nan ko aji ɗaya ba ta yi ba, amma ta riƙe abin da Haliru ya faɗa mata shekara shida. Ni da na kwana na tashi da shi, na sa ƙafa na take.  Na shiga bayi na yi kuka, na wanke fuska na fito na zuba mata dambu.

Washegari Juma'a da hantsi, Malam Hassan ya iso. Baffan Nuhu ne, malamin allo a Shagari, tsoho mai farin gemu da magana a hankali. Kawu ne ya aika masa ya zo a warware magana cikin mutunci. Suka zauna a zaure, Gwaggo ta laɓe bayan ƙofa, wai tana shara. Ni ina ɗaki, na saka hijabi na cire, na saka na cire. Na san in na yi magana, maganar aure ta dawo sabuwa. Na san in ban yi ba, an gama da mutumin nan a garinsu. Na saka baƙin hijabina, na fito, na durƙusa bayan ƙofar zaure kusa da tsintsiyar Gwaggo.

"Allah shi gafarta Malam, barka da zuwa. Kawu, a yi min izini, magana ɗaya gare ni."

"Safinatu, manya na magana."

"A bar ta, Alhaji," in ji Malam Hassan. "Ai kanta anka taru."

"Kawu, katin da marigayi ya ba ka yana nan?"

Ya za a yi ya ɓata. Haliru ya gwada kowa a gidanmu tun kafin aurenmu, ya ba kowa ɗan kati mai leda da hatimi. Kawu yana ajiye nasa tare da katin zaɓe. In an tare mota a hanya shi yake fara miƙawa, ya ce surukinsa likita ne.

"Yana nan. Mi ya kawo wanga magana?"

"Don Allah ka karanta wa Malam abin da anka rubuta da jan biro."

Na ji ƙarar leda. Na ji ya hura tabarau. Ya gyara murya irin ta karatun takarda.

"Zayyanu Auwal Bodinga. A..."

"Ƙarasa mana, Alhaji," in ji Malam.

"Rubutun ya goge."

"Miƙo in gani. Boko kaɗan na taɓa." Aka ɗan jima. "A'a, bai goge ba. Ga alama nan irin ta takardar Nuhu, sak. Alhaji, tun yaushe kake fama? Ga shi yanzu munka sha hura a kwano ɗaya."

Tsintsiya ta faɗi daga hannun Gwaggo. Ta dube ni ido waje. "Zayyanu ma?"

"Har ke, Gwaggo. Naki O fozitif. Inna ma fozitif. Marigayi ya ce in an tara mutum ashirin a ƙasar nan, sha tara fozitif na. Duk gidan nan ni kaɗai ce negatif."

Ta zauna daɓas a ƙasa tana taɓa wuyanta, wai dama kwana biyu tana jin kasala.

Daga bayan ƙofar na yi musu bayani yadda aka yi min, da dogo da gajere da komai. Ban tsallake ko ɗaya ba. Na ce layukan ciwo su ne na sama, kuma Nuhu ya fita tas. Na ƙarshen sunan jininsa ne kawai, da shi uwarsa ta haife shi.

Kawu ya yi tari. "Dama na so in ce haka. Tabaran nan ne."

"Tabarau na da wuyar sha'ani," in ji Malam Hassan. Sannan ya juyo da murya wajen ƙofa. "Ɗiyata, yaushe kinka san wanga?"

"Tun ranar Asabar, Malam."

Malam bai yi faɗa ba. Da ya zage ni da ya fi min sauƙi.

"To, Allah shi jiƙan wanda ya koya miki," ya ce. "Yau Juma'a. Alhaji, tashi mu tahi Shagari tare, da katinka. Bayan salla kai za ka karanta shi a ƙofar masallaci, tunda kai ka iya karatu. Hajiya Bilkisu kuma ta bi ta wajen mai ƙuli."

Haka aka yi. An ce Kawu ya karanta har sau biyu, ya ƙara da wa'azi a kan illar jahilci. An ce mai aski da kansa ya bi Nuhu gida da inji a hannu. Kawu ya dawo kafin la'asar yana ta fara'a, tun daga zaure yake cewa to yanzu sai sa rana. Na ce masa sunan Nuhu na wanke, ban ce komai a kan rana ba. Ya buɗe baki, ya dubi aljihun da katin yake, ya rufe.

Bayan la'asar ina ɗaki ina ninke kayan yara, ɗankwali ko ɗaya babu a kaina, waya ta yi ƙara. Saƙon murya, minti ɗaya da rabi. Bai taɓa wuce daƙiƙa goma sha biyar ba.

"Salamu alaikum Hajiya Safinatu. Nuhu na. Ni dai tun a asibiti anka ce min lafiyata lau, kuma na faɗa, ba wanda ya yarda. Na san mutum ɗaya da in ta yi magana za a yarda. Da na ji kinka yi shiru, sai na ce to amsarta ke nan, ba ta son ta faɗa min a ido. Sai na bar ki da ita. Ban ji haushi ba. To, na ji kaɗan, ranar aski. Yanzu abin da ban gane ba, sunana kinka wanke, ko ni kinka karɓa? Kowanne ne na gode. Nuhu na."

Na saurara sau uku. Na danna zan yi magana, na goge. Na sake, Nana Fatima ta yi kuka a ciki, na goge. A na ukun na ce, "Ka yafe min kwana shidan nan. Sauran maganar ban san amsarta ba tukuna, kuma ba ta waya ba ce, ba ta Kawu ba ce. Ranar da ka samu sarari ka zo da kanka, in ba ka labarin Haliru tun daga farko. In ka iya zama ka ji, sai mu gani."

Na tura. Na ce a raina daga Shagari zuwa nan, ga aikin albasa, na samu mako guda in shirya zuciyata.

Ko ajiye wayar ban yi ba na ji turare ya shigo ta taga. A bayansa albasa. Sannan wata murya a ƙofar zaure, ƙasa-ƙasa, kamar mai tsoron ta da barci. Ashe daga ƙofar gidanmu ya turo saƙon.

"Salamu alaikum. A ce da Hajiya Safinatu na samu sarari."